Yadda Ake Kula da Ɗan Ƙadangare Mara Ƙafa Idan An Tsince Shi a Lambu

A Birtaniya da mafi yawan ƙasashen Turai akwai wani ƙadangare mai santsin jiki da masana ke kira Anguis fragilis, wanda ba shi da ƙafafu ko ɗaya, har duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa zai ɗauka maciji ne ya fara neman sanda. Ba shi da dafi, kuma ana bambanta shi da maciji ta hanyar ƙifta ido, domin maciji ba shi da fatar ido da zai rufe. Dokar kare namun daji ta Birtaniya ta 1981 ta haramta kashe shi ko ji masa rauni da gangan, haka ma sayar da shi.

Daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba uwar ke haifar 'ya'yanta da ransu, kowanne tsawonsa bai wuce santimita 10 ba, bayansa ruwan zinariya ko azurfa da baƙin zane a tsakiya. Tun ranar haihuwa yake neman abincinsa, saboda haka ganinsa shi kaɗai ba ya nufin ya yi maraici. Idan lafiyarsa ƙalau, kulawar da ta fi dacewa ita ce a bar shi inda yake, ko a matsar da shi ƙarƙashin shinge ko gefen tarin ruɓaɓɓen ganye mafi kusa.

Wurin ɗauka ne ake yawan yin ɓarna. Kada a kama shi ta wutsiya, domin idan ya tsorata yakan katse ta da kansa, ta ci gaba da mutsu-mutsu a ƙasa shi kuma ya sulale, kuma wadda za ta sake fitowa guntuwa ce. A tallabo shi daga ƙasa da tafin hannu, tare da ɗan ganye ko ƙasar da yake kai.

Idan kyanwa ce ta kawo shi, ko an ga rauni a jikinsa, a sa shi cikin robar da aka huda wa murfi, a shimfiɗa ƙasa mai danshi da busassun ganye, a ajiye ɓawon itace da zai ɓuya a ƙarƙashinsa da ruwa kaɗan a murfin kwalba. A ajiye robar a wuri mai sanyi-sanyi, nesa da hita da hasken rana kai tsaye, sannan a tuntuɓi likitan dabbobi ko ƙungiyar kare dabbobi ta Birtaniya, RSPCA, a ranar, saboda cizon kyanwa, ko da ramin haƙorin bai fito fili ba, yakan ruɓe. Abincinsa ƙananan katantanwa marasa ɓawo ne da ƙananan tana, amma daga lambun da ba a zuba maganin ƙwari ba.

Riƙe shi a gida fiye da 'yan kwanaki ba taimako ba ne. Wajen Oktoba yake shiga rami ya yi dogon barcin hunturu har zuwa Maris, don haka a mayar da shi daidai inda aka same shi kafin sanyi ya kankama. Wanda aka tono a tsakiyar hunturu kuwa, a mayar da shi a rufe shi da ganye da ƙasa mara nauyi nan take.