Ga masu koyon ɗaura ƙudan bogi na fatsa: yadda ƙugiya ba za ta riƙa karye muku ba

Salam 'yan uwa. Masu fara ɗaura gashin tsuntsu da zare a ƙugiya don ta yi kama da ƙwaro, don Allah kafin ku naɗa zare ko ɗaya ku fara danne 'yar ƙayar nan ta bakin ƙugiya da filaya in dai kuna son danne ta, domin a nan ƙarfe ya fi tsinkewa, gara ta karye tun babu komai a kanta da a ce kun gama aiki tukuna.

Sai abin matsewa, wato abin da ke riƙe ƙugiya lokacin da ake ɗaurin. A lanƙwasar ƙugiya ake kamawa, a bar tsinin a waje, kuma kar a ɗaure da ƙarfin tsiya, ƙarfen an gasa shi ne, matsi mai yawa na sa shi tsagewa. Ku ɗan taɓa ta da yatsa, in ba ta zame ba ya isa haka.

Ku fara da ƙugiya mai lamba 8 ko 10, ku bar su 18 da 20 sai hannu ya faɗa, lamba na hawa ƙugiya na ƙanƙancewa. Wadda ta buɗe kar a sake lanƙwasa ta, mai tsatsa ma a yar kawai.