Kurakuran da aka fi yi wajen gyaran parshok da haɗa kalar fenti

Makon jiya wani yaro da ya yi wata 8 kacal a hannuna, ya tafi ya buɗe nasa wurin, ya turo mini wata Corolla wai in duba abin da ya sa fentin parshok ɗinta ke ɓarewa kamar ɓawon albasa. Tun daga nesa na gane. Kuskuren da na tafka ne shekara 15 da suka wuce, kuma na faɗa masa ya fi a ƙirga. To tunda baki ya gaji, bari in rubuta. Parshok dai shi ne abin da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka ke kira bamba, kuma a gari irin Garwa ta Kamaru, inda babura suka cika titi, da wuya rana ta faɗi ba a kawo wanda aka goga ko aka lotsa ba.

Uwar kurakuran ita ce ɗaukar parshok kamar ƙarfe. Roba ne. Ka cire shi ka juya cikinsa, za ka ga tambari, galibi >PP< ko >PP+EPDM<, jefi-jefi ABS. Robar PP santsi gare ta, ba abin da ke kama ta da daɗi, kuma tana lanƙwashewa ta dawo. Mastik ɗin da muke cike ƙarfe da shi kuwa in ya bushe dutse ne. Ka ɗora dutse a kan abin da ke motsi, me kake jira?

Ni da kuɗina na sayi wannan karatu. Wani Alhaji mai motocin haya ya kawo mini Hilux ɗinsa da lotsa a kusurwar gaba, yana sauri zai tafi Marwa. Maimakon in fitar da lotsar, sai na cika ramin da mastik, kaurinsa ya kusa ɗan yatsa, na goge, na fesa, ta fito tana sheƙi. Har yabona ya yi. Kwana 6 ya dawo, ya ajiye mini ɓallen mastik a kan tebur, da fentina a jiki, ya ce tun kafin ya wuce Figil ya fara tsagewa. "Malam, gyara na kawo maka ko yaɓe?" Na sake aikin kyauta, kayan ma daga aljihuna, amma sauran motocinsa ban ƙara ganin ko ɗaya ba. Har yau in ya wuce ta gaban garaj, hannu kawai yake ɗaga mini.

Abin da nake yi yanzu: lotsa zafi ke fitar da ita. Ina ɗumama wurin ta baya da na'urar hura iska mai zafi, in babu lantarki kuma da tafasasshen ruwa, ina zagayawa har robar ta yi laushi, in tura da katako da aka naɗe da tsumma, in riƙe, yaro ya ɗora jiƙaƙƙen tsumma ta huce a haka. Ban da harshen wutar walda, ƙona robar yake yi. In tsaga ce, ina huda ƙaramin rami a ƙarshenta don kada ta ci gaba, in buɗe bakinta kaɗan, in narka mata siririn yanki daga mataccen parshok mai tambari iri ɗaya, in nutsa 'yar ragar waya ta baya. PP ba ya haɗuwa da ABS, ko ka kwana kana narkawa. Sai bayan nan mastik na roba, shi ma shafa ɗaya siririya don cike ƙananan ramuka. Wasu abokan aiki sun fi son gam mai haɗi biyu, ban hana su ba, ni dai narkawa na yarda da ita.

Kafin apre, wato shafen farko da ake fesawa kafin kala, kuma akwai wani ruwa marar kala da ake fesa wa tsirarar roba don fenti ya kama. Shi yaron nan ya tsallake, wai tsada. Kuma ku da kuke goge parshok da zuwa-zuwa, wato fetur ɗin kwalba, kafin feshi, wa ya koya muku? Man fetur na kwalba maiƙo yake bari, ba cire shi yake yi ba. A wanke da omo da ruwa, a bari ya bushe, a goge da ruwan cire maiƙo na gaskiya.

Sai kala, wadda ita ke raba mai feshi da mai mota. Kowace mota tana da lambar fentinta. A Toyota ka buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, wurin da aka rubuta C/TR; a tsofaffi kuma wani lokaci tana kan ɗan faranti a cikin gidan inji. 040 fari ne, 202 baƙi, 1F7 ruwan azurfa. Amma ka riƙa faɗa wa mai haɗa fenti sunan kamfanin motar, domin 040 a Mercedes baƙi ne wuluk. Kuma 070 na Toyota ba farin banza ba ne, hawa uku ake yi masa: fari, sai mai walƙiyar lu'ulu'u, sai verni, wato ruwan sheƙi marar kala da ke rufe fenti. Wanda ya fesa masa 040 ya ɓata aiki.

To amma lamba kalar ranar da motar ta fito daga masana'anta take ba ka. Motar da ke gabanka okaziyon ce, ta sauka a Duwala bayan ta gama rayuwarta a Turai, wataƙila ma an taɓa sake mata fenti can, sannan ta zo ta sha ranar Maris da Afrilu a nan, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ja ya koɗe, fari ya soma komawa ruwan madara. Na taɓa fesa 1F7 bayan magariba a ƙarƙashin kwan fitila, na kwanta ina murna. Da gari ya waye, parshok ya fi jikin motar duhu ƙarara, kamar an aro shi daga wata mota. Matar mai motar ce ma ta fara gani, tun kafin ta ƙaraso. Kunyar ranar ta fi asarar ciwo.

Don Allah ku daina gwaji a jikin motar mutane! Ku daina kuma tsoma yatsa a gwangwani kuna ɗigawa a gefen ƙofa kuna cewa ya yi. Ɗanyen fenti da busasshe ba ɗaya ba ne. Ni murfin tanki nake cirewa, in goge shi ya fito da ainihin kalarsa, in kai wa mai haɗawa. Na dawo, in fesa a kan ɓallen ƙarfe da pistole, wato bindigar feshi, ɗin da zan yi aikin da shi, in sa verni, in jira ya bushe, in kara shi da jikin motar da rana tsaka, a inuwa da cikin rana, ta gaba da ta gefe. Fenti mai ƙyalli hannu yake bi: ka matso ka jiƙa shi, ya yi duhu, ka ja baya ya sauka a bushe, ya yi haske. Tazarar kamar taƙi ɗaya nake riƙewa daga farko har ƙarshe. In gyaran a kusurwa ne, ina baje kalar a hankali ta ɓace cikin tsohuwar, sannan verni ya rufe parshok ɗin gaba ɗaya. Kuma tun kafin a yi ciniki nake jan mai mota in nuna masa cewa ko a sabuwar mota, roba da ƙarfe ba sa zama kala ɗaya sak.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Dilwan, wato ruwan tsinka fenti, mai saurin bushewa a zafin bazara yana sa fenti ya bushe a iska, ya sauka da kaushi kamar yashi, don haka a nemi mai jinkiri, a yi feshi da sassafe. Da hunturu a yayyafa ruwa a ƙasa, in ba haka ba ƙura za ta zauna a cikin verni. Da damina a riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a tankin kwampresa. Man sheƙin taya da na gaban mota kada ya kusanci wurin feshi, shi ke haddasa ƙananan ramukan nan kamar idon kifi. Samfefa hawa-hawa ake binta, 180, 320, sai 600 ko 800 kafin kala; ka tsallake, zanen zai fito bayan mako. Dursisa, wato ruwan da ke sa fenti ya yi tauri, da ma'auni ake zuba shi yadda gwangwani ya ce, ba da ido ba, kuma gubarsa huhu take ci, ƙyallen rawani ba ya tare ta. In parshok na da idanun nan masu ƙara lokacin ribas, kada a lafta musu fenti.

Ita kuwa Corollar, jiya muka kankare ta har roba, ni da shi. Kuɗin fentin na biyu daga aljihunsa zai fito, na kuma ce ya zo da murfin tankin gobe da hantsi.