Yadda Ake Gano Matsalar Wuta a Solanoyid Mai Tsayar da Man Inji

Masu janareton dizal da injin ban ruwa a fadamun Sakkwato sun yawaita tambaya kan injin da ke juyawa amma ya ƙi tashi. Sau da yawa solanoyid ɗin da ke kan famfon mai, wato na'urar da ke buɗe hanyar mai ko rufe ta da ƙarfin wutar lantarki, ne bai samu wuta ba.

1. A kashe inji, a goge duk man da ya zuba kusa da wayoyi.

2. A auna batir da mitar auna ƙarfin wuta. Cikakken batir mai volt 12 yana nuna kusan 12.6.

3. A murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, a saurari ƙarar “ƙas” daga solanoyid.

4. Idan ba a ji ba, a duba fis.

Gargaɗi: kada a maye gurbin fis da ya ƙone da guntun waya, domin ta haka gobara ke tashi.

5. A auna wuta a bakin solanoyid, makulli na kunne. Rashinta yana nuna matsalar tana wajen rile (ƙaramar na'urar da ke haɗa wuta ko yanke ta), makulli ko wayar da ta tsinke.

6. A kankare wayar da ke komawa jikin inji, saboda ƙurar hunturu da tsatsa suna hana wuta wucewa, kuma nan ne aka fi yin sakaci.

7. A cire wayar solanoyid, a ba shi wuta kai tsaye daga batir.

Gargaɗi: solanoyid mai waya uku yana da naɗin waya da ke jan ƙarfe, kuma naɗin yana ƙonewa idan wuta ta wuce daƙiƙa kaɗan a kansa.

8. Idan bai motsa ba, a sauya shi da mai volt iri ɗaya, 12 ko 24.