Darasi na Tara: Ciwon Fargaba a Ƙasar Fotugal

Fotugal ƙasa ce a yammacin Turai, mai mutane wajen miliyan 10. Babban birninta Lisbon. Wani bincike da aka yi a can tsakanin 2008 da 2009 ya gano cewa cikin manya ɗari, kusan goma sha shida sun yi fama da ciwon fargaba a cikin shekara guda. Mata sun fi maza yawa a ciki.

Kowa gabansa kan faɗi wata rana. Amma idan zullumi ya zauna wata da watanni, barci ya ƙaurace, zuciya tana dukan uku-uku, mutum ya kasa aikinsa, to ya zama ciwo.

Me ke kawo shi? Da farko akwai aljihu. A 2011 bashi ya yi wa ƙasar katutu, ta karɓi rancen yuro biliyan 78 daga Tarayyar Turai da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Aka rage albashi, aka ƙara haraji. Zuwa 2013 marasa aiki sun haura kashi 16 cikin ɗari. Matasa da yawa suka tafi ci-rani Ingila da Faransa da Jamus, suka bar iyaye a ƙauyuka. Ƙidayar 2021 ta nuna fiye da kashi 23 cikin ɗari na jama'a sun kai shekara 65. Tsohuwar da ke kwana ita kaɗai, ga hawan jini, ga ciwon suga, ga ƙafa ta ƙi, ina za ta ga kwanciyar hankali? Ciwon jiki mai daɗewa da fargaba tare suke tafiya.

Fotugal na cikin ƙasashen Turai da aka fi shan ƙwayoyin kwantar da hankali. Ƙwaya tana taimakawa na ɗan lokaci, amma jiki kan saba da ita, kuma ba ta biyan kuɗin haya. Kada a sha sai da izinin likita, kada kuma wanda ya daɗe yana sha ya daina rana ɗaya. A 2020, lokacin korona, hukumar lafiyar ƙasar ta buɗe layin waya inda mai damuwa zai yi magana da masanin halayyar ɗan Adam.

Aikin aji: Ku rubuta alamu uku na ciwon fargaba. Sannan ku tattauna: wa mutum zai fara gaya wa idan ya ga alamun a jikinsa?