Yadda za ka ba Inna kuɗi ba ku ɓata ba

Ɗinki nake yi a unguwar Mabera, Sakkwato. Da, in Inna ta kira, gabana faɗuwa yake, na san kuɗi ne. Har na fara ƙin ɗaga waya, Allah ya yafe mini.

Ka yanke abin da za ka iya duk wata, ka faɗa mata da bakinka, kada ka aiki ƙane. Rabi ka kai gero daga Kasuwar Kara, don tsaba 'yan biki ke cinye ta. Watan da ɗinki ya mutu, ka riga ta magana: "Inna, wannan karon a yi haƙuri." Ran Juma'a kuma ka je hannu rabbana, ka zauna kan tabarma ka sha furarta.