Yadda za ka sa kwamfuta ta riƙa sauko maka da fayil daga sabar da kanta

A wani waje da na taɓa aiki akwai fayil ɗin da abokan hulɗarmu ke ajiye mana kowane dare a sabar ɗinsu, wato kwamfutarsu da ake shiga ta intanet a ɗauki fayil, lissafin cinikin ranar ne a ciki, kuma masu lissafi ba sa iya taɓa komai da safe sai an ɗauko shi. Wani yaro aka ɗora wa aikin, kullum zai zo ya buɗe manhajar FileZilla ya sa kalmar sirri ya nemo fayil ɗin jiya ya jawo shi cikin folda, aikin minti biyar ne, amma ranar da zazzaɓi ya kama shi ko cunkoso ya riƙe shi a hanya sai ka ga mutum huɗu a zaune sun naɗe hannu ana jira. Irin wannan aikin ai na kwamfuta ne, ita ba ta makara ba ta mantuwa. To bari in nuna maka yadda nake haɗa shi, da wuraren da abin yake lalacewa, don wallahi saukowar ba ita ce mai wuya ba, sanin ranar da fayil bai sauko ba shi ne aikin.

Kafin komai tambayi masu sabar ɗin wace iri ce, FTP ko SFTP, wato tsarin da fayil ke bi ya zo daga wajensu, don sunan ne kawai ya yi kama. FTP tsoho ne sosai, tun 1971 aka fara shi, tsarin da ake bi yanzu ma na 1985 ne, yana shiga ta ƙofa mai lamba 21 kuma sunanka da kalmar sirrinka a fili suke tafiya, duk wanda ya zauna a tsakaninku zai iya karantawa. Shi ya sa Chrome da Firefox duk suka cire shi a 2021. SFTP kuwa a kan SSH yake hawa, tsarin shiga wata kwamfuta daga nesa cikin tsaro wanda Tatu Ylönen ya ƙirƙira a Finland a 1995, ƙofarsa 22, komai a rufe yake tafiya. Akwai na uku FTPS, wannan tsohon FTP ɗin ne aka lulluɓe shi da tsaro. In an ba ka zaɓi ka ce SFTP kawai, kar ka tsaya dogon tunani. Sai ka karɓi adireshin sabar, lambar ƙofa in ba 22 ba ce, sunan shiga, foldar da suke ajiye fayil, da lokacin da suke gama ajiyewa. Wannan na ƙarshen mutane suna mantawa da shi kuma zai dawo ya cije ka.

Zan fara da Linux don shi na fi amfani da shi.

Matsalar farko kalmar sirri ce, ƙarfe biyar na asuba ba kowa a gaban allo da zai rubuta ta. Wasu sai su rubuta ta ƙarara a cikin sikirif ɗin, wato fayil ɗin umarnin da kwamfuta za ta bi, ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan, sikirif abu ne da ake turawa abokin aiki a WhatsApp ana kwafa a filashi, wata rana sai ka ga sirrin kamfani a hannun wanda ya bar aiki tun bara. Makulli ake yi:

ssh-keygen -t ed25519 -f ~/.ssh/makullin_sauke

Zai tambaye ka kalmar da za ta tsare makullin, danna Enter ka bar shi haka tunda kwamfuta ce za ta yi amfani da shi ba mutum ba. Fayil biyu zai fitar, mai ƙarewa da .pub shi ne za ka tura wa masu sabar su saka maka, ɗayan kuwa kar ya bar kwamfutarka ko wa ya tambaya, ko da sun ce su ne masu sabar ɗin. Ka yi masa chmod 600, wato asusunka kaɗai zai iya buɗe shi, in ba haka ba ssh ma zai ƙi karɓarsa ya ce a buɗe yake. Kuma tunda makullin ba shi da kalmar tsaro, ka roƙe su su ba shi izinin karanta wannan foldar kaɗai, ko an sace ɓarnar ta tsaya nan.

Bayan sun saka, shiga da hannu sau ɗaya:

sftp -i ~/.ssh/makullin_sauke sunanka@sabar.example.com

Zai nuna maka wasu dogayen haruffa, tambarin sabar ɗin ke nan, ya tambaye ka ko ka yarda. Kira su a waya su karanto maka nasu ka gwada, in sun yi daidai ka rubuta yes, sai ya adana a fayil ɗin known_hosts ba zai sake tambaya ba. Kar ka tsallake wannan matakin, kuma ka yi shi da ainihin asusun da sikirif ɗin zai yi aiki da shi. Ni wannan ya taɓa cin mu, an gwada komai da asusu ɗaya yana tafiya lafiya lau, aka saka jadawalin a ƙarƙashin wani asusun wanda bai taɓa ganin sabar ba, kwana uku yana faɗuwa a kan tambayar da ba mai amsawa, ba wanda ya sani sai da masu lissafi suka ga alƙaluma ba sa motsi.

Yanzu saukowar. Shi sftp da kansa yana iya karanta jerin umarni daga fayil in ka sa masa -b, don fayil ɗaya mai tsayayyen suna ya isa. Amma ni manhajar lftp nake so, saboda yana sake gwadawa in sabis ya yanke, yana ci gaba daga inda ya tsaya, kuma ya san abin da ya riga ya sauko da shi ba zai maimaita ya cinye maka data ba. A Ubuntu ko Debian sudo apt install lftp ne kawai. Buɗe fayil ka sa masa suna sauke.sh, inda ka ga /home/aiki ka sa foldar asusunka:

#!/bin/bash
AJIYA=/home/aiki/shigowa
RAHOTO=/home/aiki/rahoto/$(date +%F).log
mkdir -p "$AJIYA" /home/aiki/rahoto

/usr/bin/lftp -u sunanka, sftp://sabar.example.com >>"$RAHOTO" 2>&1 <<EOF
set sftp:connect-program "ssh -a -x -i /home/aiki/.ssh/makullin_sauke"
set net:timeout 30
set net:max-retries 5
set net:reconnect-interval-base 20
set xfer:use-temp-file yes
set cmd:fail-exit yes
mirror --only-newer --continue --verbose -I "*.csv" /fita $AJIYA
bye
EOF
SAKAMAKO=$?

Waƙafin nan da ke bayan sunanka ba kuskure ba ne, shi ke gaya wa lftp babu kalmar sirri kar ya tsaya tambaya. Layukan net guda uku na sabis ne, ya jira sakan 30, in shiru ya sake gwadawa har sau 5 sannan ya haƙura, in ba ka sa masa iyaka ba zai iya wuni yana ƙwanƙwasa ƙofar da ba za a buɗe ba. Shi kuma use-temp-file yana sa fayil ya fara sauka da sunan wucin gadi, sai ya kammala sannan a mayar masa da sunansa na gaskiya, wannan yana da amfani ƙwarai a wajenmu da wuta ke ɗaukewa ba sallama, don rabin fayil mai ɗauke da cikakken suna ya fi rashin fayil haɗari, manhajar lissafi za ta ɗauke shi ta yi aiki da shi a matsayin cikakke. mirror shi ne mai aikin, yana duba foldar /fita ta can ya kawo duk wani csv sabo ko wanda aka canza.

Karon farko ka ƙara --dry-run a layin mirror, zai rubuta abin da zai yi ba tare da ya taɓa komai ba. Kuma akwai wasu guda biyu da za ka gani mutane suna sakawa, --delete da --Remove-source-files, na farkon yana goge duk abin da ke foldarka wanda babu shi a can, na biyun yana goge nasu bayan ya sauko. Ka yi nesa da su har sai ka tabbatar kana buƙata, ranar da masu sabar suka share foldarsu --delete zai share taka ita ma, tarihin wata shida ya tafi cikin daƙiƙa.

Rabin fayil kuma yana iya zuwa daga ɓangarensu, wato ka je ɗauka suna tsakiyar rubutawa. Shi ya sa na ce ka tambayi lokacin da suke gamawa ka ba da tazara mai kyau. Wanda ya fi wannan ma, ka roƙe su su riƙa ajiye ɗan ƙaramin fayil na shaida bayan sun gama, ko su haɗa da lambar sha256 ta fayil ɗin, wata lamba ce da ake lissafowa daga abin da ke cikinsa, kai kuma ka gwada da sha256sum -c, in ko harafi ɗaya ya ɓace zai faɗa maka.

To ga inda na fi so ka tsaya. Sikirif zai iya gamawa lafiya bai sauko da komai ba, saboda su ba su ajiye sabo ba, a wajen lftp wannan ba laifi ba ne, ya je ya duba bai ga sabo ba ya dawo abinsa. Don haka abu biyu za ka bincika, ko lftp ya faɗi, da kuma ko akwai fayil ɗin yau da gaske. Ƙara wannan a ƙasa:

SABO=$(find "$AJIYA" -name "*.csv" -mtime -1 -size +0 | wc -l)
if [ "$SAKAMAKO" -ne 0 ] || [ "$SABO" -eq 0 ]; then
curl -s "https://api.telegram.org/botLAMBARKA/sendMessage" -d chat_id=NAKA -d text="Fayil din yau bai sauko ba, a duba rahoto"
fi

find ɗin yana ƙirga fayilolin da ba su wuce awa 24 ba kuma ba fanko ba ne. In sifili ne ko lftp ya dawo da lambar kuskure, saƙo zai shigo wayarka. Na zaɓi Telegram ne don haɗa bot, wato asusun da sikirif zai riƙa turo saƙo da shi, abu ne na minti kaɗan ta BotFather na Telegram kuma kyauta ne, lambar bot ɗin ka sa a wurin LAMBARKA, lambar hirarka kuma a wurin NAKA, in imel ka fi dubawa sa imel, abin da nake so dai ya zama inda idonka ke kai wa da sassafe kafin oga ya kira. Lambar bot ɗin ita ma sirri ce, ka yi wa sikirif ɗin chmod 700. Ni har na ranar da komai ya tafi daidai ina sawa ya turo min kalma ɗaya, saboda in kwamfutar ce gaba ɗaya a kashe ba wanda zai turo saƙon matsala, rashin ganin saƙon safe shi zai sa in tashi in duba.

Saura jadawali, cron ne mai wannan aikin a Linux. Rubuta crontab -e ka saka layi ɗaya:

30 5 * * * /usr/bin/flock -n /tmp/sauke.lock /home/aiki/sauke.sh

Gurbi biyar ne, minti, awa, ranar wata, wata, ranar mako, wannan yana nufin biyar da rabi na asuba kullum. flock yana hana biyu su hau kan juna in na farko bai gama ba lokacin na biyu ya yi. Ka lura ko'ina cikakkiyar hanyar fayil na rubuta tun daga tushe, cron bai san gajerun hanyoyin da ka saba da su ba, shi ya sa abu zai yi aiki a hannunka ya ƙi yi a cron. Sannan ka rubuta date ka ga agogon kwamfutar, sabar da ake haya a waje yawanci a kan agogon duniya na UTC suke, mu kuma a Najeriya da Nijar muna gaba da awa ɗaya, biyar da rabinta shida da rabi ne a wajenka. Wani abu kuma, in kwamfutar tana kashe a lokacin cron ba ya ramawa, ya wuce ke nan sai gobe. In injin ofis ne da ke bin wutar NEPA da janareta gara ka sa ya riƙa gwadawa duk awa daga asuba zuwa hantsi, 30 5-10 * * *, tunda mirror ba ya sake sauko da abin da yake da shi ba asarar data. Sai dai ka san in fayil bai zo ba saƙon zai yi ta shigowa duk awa har a gyara, ni hakan bai dame ni ba.

Masu Windows ku nemi WinSCP, kyauta ne kuma tun 2000 yake. Kar ku wahalar da kanku da ftp.exe ɗin da ke zuwa da Windows, bai san SFTP ba sam. A fayil ɗin sauke.txt:

open sftp://sunanka@sabar.example.com/ -privatekey="C:\aiki\makulli.ppk" -hostkey="tambarin sabar a nan"
synchronize local C:\aiki\shigowa /fita
exit

Sai a kira shi da winscp.com /ini=nul /log=C:\aiki\rahoto.log /script=C:\aiki\sauke.txt. Makullinsa irin na manhajar PuTTY ne mai .ppk, PuTTYgen zai juya maka wanda kake da shi. In ka shiga sabar ta tagar WinSCP ɗin ma zai iya rubuta maka layin open da kansa har da tambarin, kwafa kawai za ka yi. Yana dawo da 0 in ya yi nasara, 1 in an samu matsala, da wannan za ka haɗa saƙon gargaɗin a fayil ɗin bat, wato sikirif na Windows.

Jadawalin a Task Scheduler ake saka shi, kuma akwai akwatuna uku da sai ka duba da idonka. Ka zaɓi ya yi aiki ko mutum ya shiga asusunsa ko bai shiga ba. A shafin Settings ka kunna wanda ke cewa ya yi aikin da zarar an samu dama in lokacin ya wuce. Na ukun yana shafin Conditions, akwai zaɓin da ke zuwa a kunne wanda ke hana aikin tashi sai kwamfuta tana jone da wuta, in laftof ce a kan batir ba zai tashi ba kuma ba zai ce maka komai ba, cire wannan alamar.

Kafin ka sakar masa aikin ka lalata shi da gangan ka gani. Canza adireshin sabar zuwa na ƙarya ka kunna, saƙo ya shigo? Mayar, sai ka cire wayar intanet yana tsakiyar sauko da babban fayil, ka jona ka ga ko ya ci gaba daga inda ya tsaya. Sannan ka kwashe fayilolin yau daga foldarka ka sa shi ya duba wata folda fanko a can, nan ma ya kamata wayarka ta yi ƙara. Sati na farko kar ka ce wa mai ɗaukowa da hannu ya daina, kowace safiya ku gwada girman nasa da wanda sikirif ya kawo ku buɗe rahoton ranar ku karanta, in kwana bakwai sun yi daidai sai ka sauke masa aikin.