Yadda tawagar mata zalla za ta shirya tafiyar jirgin ruwa daga Legas zuwa Tema don tara wa marasa ƙarfi taimako

Duk matan da suka yanke shawarar tuƙa jirgi mai filafilai daga Legas su bi gaɓar teku, abin da za su fara sasantawa shi ne gabas za su nufa ko yamma. Shawararmu yamma ce. Gabas yankin Neja Delta ne, mai cike da turakun haƙar mai da jiragen da ke yi musu hidima, ga tarihin 'yan fashin teku, duk da cewa abin ya lafa tun bayan da NIMASA, hukumar kula da sufurin teku ta Najeriya, ta ƙaddamar da shirin tsaro na Deep Blue a 2021. A yamma kuwa zango uku ne a jere. Daga Legas zuwa Kwatano wajen mil 60 ne na teku, daga nan zuwa Lome wajen 70, sai Tema ta ƙasar Gana kusan 90. Mil ɗaya na teku mita 1,852 ne.

Sai dai yammar ma ba kyauta take ba, kuma nan ne lissafin sababbi ke rushewa. Ruwan wannan gaɓar yana kwarara ne zuwa gabas, iska kuma akasarin shekara daga kudu maso yamma take busowa. Ke nan a tafiya ruwa da iska duka suna gabanku. Jirgin da ke yin mil 5 a awa, in ruwa ya ƙwace masa ɗaya, 4 yake yi. Jirgin filafilai kuma ba ya iya tunkarar iska kai tsaye, sai ya riƙa karkata dama da hagu, wanda ke ƙara wa hanya kusan rabin tsawonta. Zangon Kwatano da ake gani kamar na wuni guda sai ya cinye kwana cur. Don haka kada ku sa wa masu tarbarku awa, ku ba su rana. A dawowa ne za ku ji daɗi, ruwa da iska na tura ku gida.

Lokaci mafi sauƙi daga ƙarshen Nuwamba ne zuwa Fabrairu, sa'ad da teku ke kwanciya. Illarsa ita ce hazon hunturu, wanda kan ɓoye jirgin dakon kaya har sai ya matso. Daga Yuni zuwa Satumba raƙuman ruwa sun fi girma. A watannin Maris zuwa Mayu, da kuma Oktoba, hadari mai iska kan taso daga gabas ba sallama. Da zarar baƙin hadari ya haɗu ta can, a rage filafilai nan take, kada a jira a ga ƙarfinsa. A riƙa bin hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, kullum kafin a ɗaga anga.

Mata shida sun isa jirgi mai tsawon mita 11 zuwa 12. Kyaftin dole ta kasance mai takardar shaidar tuƙi wadda ta taɓa kwana a teku, da mataimakiyar da za ta iya mayar da jirgi tasha ita kaɗai in kyaftin ta kwanta ciwo. A sami mai sanin inji, da mai horon agajin gaggawa, da mai jin Faransanci saboda Kwatano da Lome. Matan Arewa da yawa ba su tashi da iyo ba, kuma ba abin kunya ba ne, amma kowace sai ta koya kafin ta hau. A ba atisaye wata shida aƙalla. Kulob ɗin jiragen filafilai na Legas da ke Onikan, wanda aka kafa a 1932, wuri ne da za a nemi masu koyarwa, a fara a cikin tasha, sannan a riƙa leƙa bakin teku ta wajen Tarkwa Bay. Mata zalla sun kewaya duniya a jirgin Maiden ƙarƙashin Tracy Edwards a gasar 1989 zuwa 1990, saboda haka ba a ƙarfin damtse maganar take ba, a horo take. Kowace kuma ta gama magana da maigidanta ko iyayenta tun kafin a sa sunanta, don janyewar mutum ɗaya ana saura mako guda tana wargaza rabon aiki gaba ɗaya.

Rabon gadi: biyu-biyu, awa 3 a bakin aiki, awa 6 hutu. Da dare mai gadi tana cikin rigar ceto, an ɗaure ta da igiyar tsaro a jikin jirgi, ba ta zuwa goshin jirgi sai abokiyarta na kallonta. Jiragen kamun kifi na katako sau da yawa ba su da fitila, tarunsu kuma kan yi nisa da su. In taru ya naɗe farfela inji ya tsaya, don haka tocila mai ƙarfi da wuƙa mai kaifi su zauna kusa da sitiyari.

Batun sutura muna so a ɗauke shi da gaske. Dogon hijabi da mayafi da zani haɗari ne a kan jirgi, domin winci da ke naɗe igiya ba ya bambanta igiya da gefen mayafi, in ya kama kuma wuya yake ja. A ɗinka ƙaramin hijabi mai kama kai wanda ake cusa ƙasansa cikin riga, da riga mai dogon hannu, da wando mai ɗan sakewa da aka tsuke ƙafarsa. Suturta jiki ta samu, rana ma ba ta ƙona fata. Zobe da awarwaro a bar su a gida. Dogon hijabin salla a ajiye shi a ɗaki cikin leda. Alƙibla daga Legas tana wajen digiri 63 a kamfas, kuma a tambayi malami hukuncin kasaru da salla a zaune tun ana tudu. Audugar mata kada ta shiga masan jirgi ko sau ɗaya, bututunsa siriri ne, toshewarsa kuma aikin wuni ne. A tanadi bokiti mai murfi. Mai juna biyu ta haƙura da wannan tafiyar.

Ruwan sha lita 5 ga kowace mace a rana, har da na girki. Mata shida a kwana 10 lita 300 ke nan, kuma a raba kashi ɗaya cikin uku a jarkoki, don in tanki ya tsage ko gishiri ya shiga kada a rasa duka. Ƙaramin injin dizal na irin wannan jirgi yana shan wajen lita 2 da rabi a awa. In iska ta ƙi aka yi tafiyar duka da inji, awa 55 ne, wato lita 140, sai a ɗauki 200. Abin da ya fi kashe inji a teku dattin mai ne: girgiza tana tayar da laka daga gindin tanki ta toshe filta. A wanke tanki kafin tashi, a tace duk man da aka saya, a riƙe filta 4 na ajiya. Na biyu shi ne leda da kainuwa da suka cika ruwan Legas, suna toshe ƙofar ruwan sanyaya inji, robar famfo ta ƙone cikin 'yan mintoci. Mai gadi ta riƙa duba salansa. In ruwa ya daina fita tare da hayaƙi, a kashe inji.

Ranar farko kusan kowa zai yi jiri da amai. A sha maganin da likita ya rubuta tun kafin a fita, a tauna citta, a zauna a waje ana kallon nesa. Wadda ta yi ta amai a haɗa mata lita 1 na ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Abinci kuwa namu ya fi dacewa: kilishi, dambun nama, garin rogo, ƙuli-ƙuli, dabino, duk ba sa buƙatar wuta.

Fita daga Legas ta tsakanin katangun duwatsu biyu na bakin tasha ake yi, hanyar da manyan jiragen Apapa da Tin Can ke bi. Lokacin da ruwan tafkin Legas (lagun) ke zuba cikin teku da ƙarfi yana karo da raƙuman da ke shigowa, bakin ya yi tsaye ya hargitse. A duba jadawalin cikar ruwa a fita sa'ad da ya tsaya, da safe, a raɓe gefe. Rediyon jirgi ya zauna a layi na 16, wanda ake kiran gaggawa da shi a teku. A ɗauki na'urar AIS mai nuna jirage, da na'urar kiran ceto ta tauraron ɗan'adam da aka yi wa rajista, da kwalekwalen roba na ceto mai ɗaukar shida. A miƙa tsarin tafiya ga rundunar sojan ruwa ta yamma a Apapa da cibiyar ceto ta NIMASA a Kirikiri. Kada a jefa anga barkatai, bututun iskar gas na Afirka ta Yamma yana shimfiɗe a ƙarƙashin wannan hanyar, taswira na nuna inda aka hana.

Tsakanin zangunan babu mafaka, rairayi ne da ruwa mai dukan gaɓa, kuma tashoshin uku na 'yan kasuwa ne. A rubuta wa hukumar kowace tasha makonni kafin zuwa. Fasfo, katin rigakafin shawara, takardun jirgi da inshora, da tutar kowace ƙasa, duk su kammala. Ana shiga da tuta mai ruwan ɗorawa, ba mai sauka sai jami'an shige da fice da na kwastan sun gama.

Sai kuɗin jama'a. A zaɓi buƙata guda mai suna, misali aikin mata masu yoyon fitsari ko azuzuwan 'yan mata a Agege da Idi-Araba. A yi wa ƙungiya rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da SCUML, sashen da ke yaƙi da halatta kuɗin haram, a buɗe asusu biyu. Kuɗin mai da abinci da hayar jirgi daga masu ɗaukar nauyi za su fito, sadakar mutane kuma ta tafi inda aka ce ba a taɓa ko kwabo ba. Hajiyar da ta ba da dubu biyu a Mile 12 tana da haƙƙin ganin lissafi, saboda haka mutum biyu da ba sa cikin jirgi su riƙe sa hannu, a wallafa abin da ya shigo duk mako. A tuntuɓi sarakunan Hausawa na Zangon Kwatano da Lome da Ashaiman da ke kusa da Tema tun da wuri, domin su ne za su tara jama'ar da za ta tarbe ku a kowane zango.